Tambayoyinku: Sabon Ma'aji da Kwandon Baiko

Tambaya: Salama a gare ku. An zaɓe ni ma'ajin ikilisiyarmu ta ECWA a wani ƙauye kusa da Kafanchan. Ni manomi ne, ban taɓa riƙe kuɗin jama'a ba, kuma wanda na gada ya sauka ne cikin gunaguni. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Ubangiji ya taya ka riƙo. Ƙa'ida ta farko: kada ka taɓa ƙirga baiko kai kaɗai, ko da kowa ya shaide ka da gaskiya. Manzo Bulus kansa bai yarda gudummawar da aka tara wa masu bi na Urushalima ta bi ta hannunsa shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:16-22 ya haɗa Titus da waɗansu 'yan'uwa don kada a sami abin zargi.

Da an tashi daga sujada, mutum uku su zauna a ɗakin dattawa, kuma kada su zama 'yan gida ɗaya. A ƙirga kowane kwando daban: baikon Lahadi, zakka, baikon godiya, kuɗin gini. Haɗa su wuri ɗaya shi ne mafarin rikici, domin ranar da kwamitin gini ya nemi nasa, ko lokacin tura kason DCC (majalisar ikilisiyoyin gunduma) ya yi, ba mai iya rabewa. A rubuta jimla a takarda biyu, su ukun su sa hannu, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin sakatare. Ran Litinin kuɗin ya shiga banki, a asusu mai sunan ikilisiya, mai masu sa hannu uku, wanda sai da biyu daga cikinsu za a cire ko naira ɗaya.

Inda aka fi zamewa shi ne ɗiba daga kwando kafin a rubuta: man janareta, kuɗin motar baƙon mai wa'azi. A rubuta tukuna, sannan a fitar da kuɗin tare da rasit. Sai rance. Dattijo zai zo da dare ya ce matarsa na asibiti. Ka tausaya masa, ka kai maganar gaban dattawa, amma ba kai ke da ikon bayarwa ba.

Baikon kaka ma dukiya ce, kuma a nan noman ka zai yi amfani. A auna masara da wake da mudu a gaban jama'a, a rubuta. Waken da bai bushe sarai ba zai yi fumfuna. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin an matse iska an ɗaure kowace leda daban. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango, saboda danshi da ɓera. Duk wata uku ka karanta rahoto a gaban ikilisiya, ko ba a tambaye ka ba.

Tambaya: Na shiga Zumuntar Mata, amma ba ni da murya, ban kuma iya karatu sosai ba. Wace hidima ta rage mini?

Amsa: Mama, Tabita ta Yafa riguna take ɗinka wa gwauraye (Ayyukan Manzanni 9:36-39), ba a ce ta yi waƙa ba. Ki nemi shugabar zumunta ta sa ki cikin masu ziyarar marasa lafiya. Ku tafi ku biyu, kada zaman ya wuce minti 20, kuma ku tambayi mai jinya abin da likita ya hana kafin ku kai abinci. Kunu mai sukari ba alheri ba ne ga mai ciwon suga. Abin da kuka gani a gidan, fasto kaɗai za ku gaya wa, shi ma da izinin mai gidan.