Yaya Zan Nuna Wa Yara Abin Da Ido Ba Ya Gani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Agege, ina koyar da kimiyya a aji shida. Da na ambaci bakteriya sai yara su ce ƙwayar cuta. Ba mu da madubin likita a makaranta. Ta yaya zan nuna musu aikin waɗannan halittu a muhalli?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yaran ba su da laifi, domin galibi a darasin kwalara kawai suke jin sunan bakteriya. Alhali mafi yawansu ba sa cutarwa. Su ke ruɓar da ganye ya koma taki, su ke mai da madara kindirmo, kalwa kuma daddawa.

Ba sai da madubi ba. Idan suka taru da yawa, launinsu kan fito fili. Wani masani, Sergei Winogradsky, ya yi amfani da wannan dabara tun a shekarun 1880.

Ki samu gorar ruwa ta roba mai lita 1.5, ki yanke wuyanta. Ki ɗebo taɓo da ruwa daga bakin fadama ko kududdufi. Kada ki taɓa na kwata, domin kwatocin Legas kan haɗu da bahaya. Ki tsince tsakuwa da ciyawa, ki dama taɓon ya yi kaurin kunu. Ki raba shi uku. A kashi ɗaya ki cuɗa gwaiduwar dafaffen ƙwai guda, yagaggiyar takardar jarida cikin tafin hannu, da garin alli cokali ɗaya. Wannan shi ne na ƙasa. Sauran taɓon ya hau kansa har ya kai kashi biyu cikin uku na gorar. Sai ruwan da kika ɗebo a kansa, zurfinsa faɗin yatsa uku. Ki rufe da leda, ki ɗaure da roba, ki ajiye kusa da taga.

Cikin mako shida zuwa takwas ƙasan zai yi baƙi. Aikin bakteriyar da ba sa son iska ne, su ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sama da su jan garura da kore za su bayyana, kowace jama'ar bakteriya a inda haske da iska suka yi mata daidai, wasu na cin abin da wasu suka fitar. Ilimin muhalli ke nan a cikin gora guda. Yara su riƙa zana abin da suka gani duk Juma'a.

Inda ake yawan kuskure shi ne barin kumfar iska a cikin taɓon, don haka ki riƙa buga gindin gorar a tebur kina zubawa. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin yana kashe bakteriyar, zafin rana kai tsaye kuma yana dafa su. Kada a rufe da murfi gam, iskar da ke taruwa na buƙatar mafita. Ki sa safar hannu, kuma kada yara su buɗe gorar.

Kafin launin ya fito, ku shuka wake a bokiti. Bayan kamar wata ɗaya ku tumɓuke ɗaya a hankali, ku wanke saiwar. Za ku ga ƴan ƙulle-ƙulle a jikinta. Ki tsaga ɗaya da reza: idan cikinsa ja-ja ne, bakteriyar da ke kamo naitirojin, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, daga iska suna ba shukar suna kan aiki.