A ina zan kafa sifilin jirgin da nake haɗawa don FlightGear?

Tambaya: Salam malam, ina zana jirgin Cessna 172 a Blender, manhajar zanen 3D, don in tuƙa a FlightGear, manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, amma tayoyin nutsewa suke cikin titin jirgi, in na ɗaga hanci kuma sai ka ga kamar a jela yake juyawa. Wani ya ce in sa sifilin, wato wurin da duk awon jirgin ke farawa, a cibiyar nauyi, haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ka bi shawarar nan. Cibiyar nauyi ba ta zama wuri ɗaya, mai na ƙonewa tana matsawa, ka ɗauki mutum biyu a kujerar baya ta ƙara matsawa, a samfurin 172S ma littafin jirgin ya yarda ta yi yawo daga inci 35 har 47.3 a bayan bangon inji. Jirgin Concorde kam da gangan ake tura mai daga tanki zuwa tanki don a gusar da ita. To abin da ke yawo haka ya za ai ka auna taya da fiffike daga jikinsa?

Nemi wurin da ba ya motsi. Su Cessna daga bangon da ya raba inji da ɗakin matuƙi suke awo, ni dai a fayil ɗin JSBSim, manhajar da ke lissafa wa FlightGear yadda jirgi ke tashi, nan zan bar sifili, don ka kwafi lambobin kujeru da tankuna kai tsaye daga littafi ba sai ka yi ta lissafi ba. A Blender kuma tsinin hancin farfela ya fi sauƙi tunda ido na ganinsa.

Sifili biyu kenan, kuma wata lamba a fayil ɗin da ake kira VRP (Visual Reference Point) ce ke haɗa su, ita ke gaya wa JSBSim inda sifilin zanenka ya faɗo a awonsa. Lambar X ta gaba da baya na ƙaruwa ne zuwa jela, Z ta sama da ƙasa zuwa sama, don haka hanci lambarsa da alamar ragi za ta zo, nan mutane da yawa ke tafka kuskure. Nutsewar taya yawanci Z ce ba daidai ba, juyawa a jela kuma X. Sannan ka lura zanen da mita yake tafiya, fayil ɗin galibi da inci, inci ɗaya mita 0.0254 ne.

Amma don Allah kar ka taɓa ɗaya wurin da ke cikin fayil ɗin mai suna AERORP wai kana gyaran hoto. VRP hoto kawai yake matsarwa, shi kuwa AERORP nan ne ƙarfin iska ke kama jirgi, ana sa shi wajen kashi 25 cikin 100 na faɗin fiffike daga gaba, kana gusar da shi jirgin zai fara dungurar da hanci ko ya riƙa ɗagawa da kansa.