Tambayoyinku: A Rushe Bangon Kicin Ko A Bar Shi?

Tambaya: "Mun sayi gidan bene, za mu gyara ƙasan kafin mu tare. Akwai falo, da ɗakin cin abinci, da ƙaramin kicin a can baya. Maigidana yana so a rushe bangayen da suka raba su, wurin ya zama fili guda kamar yadda muke gani a hotuna. Ni ce mai girki kullum, kuma yaranmu uku ƙanana ne. Ina son in riƙa ganinsu ina aiki, amma ina tsoron hayaƙi da wari. Wanne za mu zaɓa?"

Amsa: 'Yar'uwa, kin riga kin faɗi abin da ya kamata ya raba gardamar: ke ce mai girki kullum, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hotunan da suka burge maigida an ɗauke su ne ba tukunya a wuta, ba kwano ko ɗaya a wurin wanke-wanke. Gidan da za ku zauna kuwa ana girki a cikinsa safe da yamma.

Amma maigida bai yi magana a banza ba. Idan aka cire bango, hasken tagogin gaba da na baya yana haɗuwa, iska tana ratsawa, kuma filin da ƙofofi da lungu suka cinye yana dawowa. Abin da ya fi waɗannan duka, mai girki ba ta zama saniyar ware, tana can ita kaɗai ana hira ba da ita ba. Ga uwar ƙananan yara wannan babbar riba ce.

Sai dai bango yana yin ayyukan da ba a lura da su sai an rasa shi. Abin da ke tashi daga kaskon suya ba wari ne kawai ba, akwai ƙananan ɗigon mai da ke yawo a iska, su sauka a labule da kujeru da darduma, su kama ƙura. Murhun gas kuma yana fitar da iskar nitrogen dioxide, wadda ke takura wa masu asma, musamman yara. Da ƙofa da taga, wannan duk yana tsayawa a ɗaki ɗaya ya fita. Ba ƙofa, kowa na shaƙa. Ga kuma ƙara: hirar mutane tana kai kimanin desibel 60 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), na'urar zuƙe hayaƙi idan an ƙure ta tana kai haka ko ta wuce, injin markaɗe kuwa ya fi su duka. Mai kallon talabijin zai ƙara murya, mai karatu zai tashi ya bar wurin. Kuma kowane bangon da aka rushe ya tafi da wurin rataya kabad, alhali kin ce kicin ɗin dama ƙarami ne. Kuɗin sanyaya wurin ko ɗumama shi ma zai ƙaru, tunda ba za a iya rufe sashe ɗaya a bar sauran ba.

Akwai abin da ya fi damuna a gidan bene. Ki duba inda matattakalar hawa sama take. Idan a cikin falo take, rushe bangon kicin yana nufin babu abin da ya shiga tsakanin murhu da hanyar saukowa daga ɗakunan barci. Gobarar gida da yawa daga wurin girki take tashi, hayaƙi kuma sama yake bi. Rufaffiyar ƙofa tana jinkirta shi, ta ba mutane lokacin fita. Shi ya sa dokokin gini a ƙasashe da dama suka tsaurara kan irin wannan tsari.

Wannan ja-in-ja ba ku kuka fara shi ba. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don sababbin gidajen birnin Frankfurt na Jamus, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4, aka kuma gina kusan 10,000 irinsa. Keɓantaccen ɗaki ne, amma ta sa masa ƙofa mai zamewa da ke buɗewa cikin falo. A Amurka kuma, cikin shekarun 1930, mai zanen gine-gine Frank Lloyd Wright ya riƙa zana gidajen masu matsakaicin ƙarfi inda wurin girki ke haɗe da wurin zama, domin iyalan ba su da 'yan aiki, matar gida ce ke girki. Dukansu mai girki suke tunani. Ni dai hanyar matar nan ta fi kwanta mini, ita zan ba ki.

Ku rushe bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin cin abinci, su zama ɗaki ɗaya mai faɗi. Nan yara za su zauna a tebur suna zane ko aikin makaranta, idonki na kansu. Tsakanin wannan ɗaki da falo kuma ku faɗaɗa ƙofar ta kai kamar mita ɗaya da rabi ko fiye, ku sa ƙyaure biyu masu zamewa, rabinsu na sama gilashi. Yawancin yini a buɗe za ta zauna, maigida ya sami filin da yake so. In an ɗora suya ko baƙi sun zo, a ja ta, haske na wucewa, hayaƙi bai wuce ba. Haɗe komai gaba ɗaya ya fi dacewa da gidan mutum ɗaya ko biyu masu ɗan girki mara nauyi, ba gidanku ba. In har yanzu maigida bai gamsu ba, ku bar ƙofar kicin ɗin da kuke ciki yanzu a buɗe na mako biyu, kada a rufe ta ko sau ɗaya. Hancinsa zai ba shi amsa.

Tambaya: "Maginin da zai yi mini aiki ya ƙwanƙwasa bangon da ke tsakanin falo da kicin, ya ce ba ya ɗauke da komai, gobe ma zai iya sauke shi. Akwai ɗakuna biyu a sama. In bar shi ya fara?"

Amsa: Malam, kada ka bari a ɗaga guduma. Ƙwanƙwasa bango ba ta nuna abin da ke kansa. Kauri alama ce, haka ma idan akwai wani bango daidai samansa a bene, ko kuma yana tsakiyar gidan, amma duk ba hujja ba ce. Akwai siririn bangon da ba a gina shi don ɗaukar nauyi ba, amma da gini ya zauna sai nauyi ya kwanta masa. Wanda zai tabbatar shi ne injiniyan gini, ya duba zanen gidan in akwai, ya fasa kaɗan a silin ya ga yadda aka ɗora bene.

In ya tabbata bangon na ɗauke da nauyi, ana iya cire shi, amma da tsari. Za a fara tokare benen ta ɓangarorin biyu, a sa bim, wato dogon ƙarfe ko kankare da ake gittawa ya ɗauki nauyin a madadin bangon, wanda injiniyan ya lissafa girmansa, kuma sai bim ɗin ya zauna daram a kan ginshiƙansa kafin a cire tokaren. Nauyin da a da ya bazu a tsawon bango yanzu zai taru a wuri biyu kawai, don haka wani lokaci sai an ƙarfafa harsashi a ƙarƙashinsu. Illar kuskure ba lallai ta bayyana a ranar ba. Bayan watanni ne za ka ga tsaga a sama, ƙofofi sun daina rufuwa. Ka kuma tambayi hukumar da ke kula da gine-gine a inda kake ko aikin na buƙatar izini, sannan a gano wayoyin lantarki da bututun ruwa ko na gas da ke cikin bangon tun kafin a taɓa shi. Ladan injiniya ƙanƙani ne a kan abin da iyalinka ke kwana a kai.

Tambaya: "Ina sha'awar teburin aiki a tsakiyar kicin, da wurin wanke-wanke a kansa. Faɗin ɗakin mita uku ne. Zai yiwu?"

Amsa: Hajiya, ba zai yiwu cikin daɗi ba. Kabad ɗin jikin bango yana cin santimita 60, teburin kansa kamar 90, kuma ana buƙatar hanya ta aƙalla mita ɗaya a kowane gefe don firji da tanda su buɗu mutum na tsaye. Lissafin ya kai mita uku da rabi. Ki manna ƙarshen teburin da bango ɗaya, hanya ɗaya ta ragu, sai ya shiga. Wurin wanke-wanke kuma ki bar shi inda yake, domin bututun fitar da ruwa sai da gangara, kai shi tsakiya na nufin fasa daɓe. Kuɗin da kika tsira da shi ki sa a na'urar zuƙe hayaƙi mai bututu zuwa waje. Mai tace iska ta mayar da ita ɗaki ba ta fitar da tururi ko iskar gas, kuma in kin tashi saye ki nemi a kunna miki ita ki ji ƙararta, don wadda ta cika ƙara ba a kunna ta.