Ƙanwata mai jego ba ta daina kuka ba, an ce aljanu ne

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata ta haihu wata uku ke nan a nan Gombe. Tun bayan suna ba ta barci, sai kuka, ko jaririn ba ta son ɗauka. Dangin miji sun ce shafar aljanu ce. Wata nas ta ce mu kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa, amma ina tsoron a ce ta haukace. Me za a yi mata a can?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kukan kwanakin farko na jego yakan wuce cikin mako 2. Wanda ya kai wata uku haka, alamar ciwon damuwa ce ta bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na fama da irin wannan bayan haihuwa. Ba hauka ba ne. A can za a zauna da ita a saurare ta, a warware tunanin da ke cin ta, kamar "ni ba uwa ta gari ba ce". In da buƙata a ba ta magani, kuma akwai wanda mai shayarwa ke sha. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, kada ta yanke shi.

Maganar aljanu kuwa, ita ce ke ci min tuwo a ƙwarya kullum. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba wanda ya hana, ku ci gaba. Amma a rufe mai jego a ɗaki, a turnuƙe ta da hayaƙi har ta shiɗe, a zuba mata bulala wai "ba ita ake duka ba, aljanin ne"? Jikin wa ke tashi da shatar bulala? Sai an sayar da akuya da kayan ɗaki, an kashe watanni, sannan a kawo mana ita ta rame, nono ya ƙafe, jariri ma ya zama majinyaci. Mai hayaƙin kuwa ya riga ya soke kuɗinsa a aljihu. Wasu kuma su ce mata ba ta da tawakkali, ta ƙara ganin laifin kanta.

Ku kai ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, mijin ya raka ta. In ta ambaci kashe kanta, ko cutar da jaririn, ko tana jin muryoyi, ranar za ku tafi, kuma kada a bar ta ita kaɗai da yaron.