Fim ko dijital a hoton ƙirjin masu fasa dutse

Ka tambaye ni, yaro, wanne ya fi nuna cutar ƙura a huhu tsakanin hoton X-ray na fim da na dijital, kuma na san amsar da kake son ji, domin ku yaran yanzu duk abin da ba ya haske a allo kun mayar da shi kayan tarihi. Wannan gardama an kashe ta tun 2011, lokacin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sabunta ƙa'idarta ta karanta hotunan waɗannan cututtuka, ta amince da dijital. Batun tsayar da mutum da riƙe numfashi lokacin ɗaukar hoto kuwa, idan har sai na maimaita maka, to zamanka a ɗakin nan asara ne.

Abin da ido yake nema a silikosis, wato cutar da ƙurar dutse ke jawowa, ɗige-ɗige ne, galibi a saman huhu, waɗanda ƙananansu ba su wuce milimita ɗaya da rabi ba, kuma ana auna yawansu ne ta hanyar kwatanta su da hotunan ma'auni na ƙungiyar, a kan allon asibiti, a ɗaki mai ƙarancin haske. A nan na ƙone hannuna.

Wani ɗan kwangila mai wurin fasa dutse ya kawo mini leburori 40, ya biya rabin kuɗi, ni kuma na zuba man janareta daga aljihuna. Kwana biyu ni da likita muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, muka ware mutum 6 masu alamar cutar. Da ɗan kwangilar ya nemi hotunan, sai yaron da ke wurina a lokacin, mai rawar kai irinka, ya ɗauki allon da wayarsa ya tura masa ta WhatsApp, wadda take matse hoto har ɗigon ya narke. Mutumin ya nuna wa wani likita a waya, aka ce masa huhu garau. Ya dawo yana ɗaga murya a gaban mutane, wai ƙirƙirar ciwo nake yi don in ci kuɗinsa, ya riƙe cikon kuɗina har yau. A zamanin fim da hakan ba ta faru ba, domin abin da ke cikin ambulan shi kowane likita zai ɗaga.

Ba ina wanke fim daga laifi ba ne, don na sha ganin zafin bazara ya lalata ruwan wankin fim, hoto ya fito fari-fari, huhun mai lafiya ya yi kama da na majinyaci. Saboda haka ka yi aiki da dijital, amma ka bar hannunka daga maɓallin ƙara kaifin hoto, ka kuma miƙa ainihin fayil ɗin DICOM, wato tsarin da na'urorin asibiti ke adana hoto da shi, a faifai, bayan an biya. Ɗaya daga cikin mutum 6 ɗin nan ya dawo mini bayan shekara uku da tarin fuka a kan silikosis ɗinsa, kuma har lokacin yana bakin injin niƙa dutse.