Ku Tambaya, Mu Amsa: Buhun Gero, "In Allah Ya Yarda" da Maganin Baba

Wasiƙu uku muka zaɓa a wannan wata, dukkansu daga cikin birnin Sakkwato. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen waɗanda suka aiko su.

Tambaya: Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu, ina zaune a Mabera, sana'ata kuwa awon gero da dawa da wake a Tsohuwar Kasuwa. Tun da maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce nake zuba adashi, idan na kwasa da kaka sai in sayi buhu biyar ko shida na gero in ajiye har zuwa bazara. Kwanan baya, bayan an tashi daga taron zumuntar mata, wata 'yar'uwa ta ja ni gefe ta ce wannan ajiya alama ce ta ƙarancin bangaskiya, tun da Yesu ya ce kada mu damu da gobe. Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ne ba na samun barci, nakan kwana ina lissafin kuɗin haya da na makarantar yara. Shin zunubi nake yi?

Amsa: 'Yata, Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya kuma raya miki marayun nan. Abu biyu ne a cikin wasiƙarki, kuma 'yar'uwar da ta yi miki magana ta kama wanda ba shi da laifi ta saki wanda yake cin ki. Buhunan geron ba su ne matsalar ba. Rashin barcin ne ya kamata mu zauna a kansa.

Mu fara da ajiyar. A Farawa sura 41, lokacin da Fir'auna ya yi mafarkin shanu da zangarnu, shawarar da Yusufu ya bayar ita ce a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar a shekaru bakwai na ƙoshi, a tara shi domin shekaru bakwai na yunwa, kuma Littafi Mai Tsarki bai kira wannan rashin bangaskiya ba, hasali ma da wannan hatsi ne aka ceci iyalin Yakubu kaf. Karin Magana sura 6 ta tura rago wurin tururuwa domin ya koyi yadda take tanadin abincinta a lokacin girbi. Ko manna ɗin da wasu suke kafa hujja da shi, wato abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, wanda ya yi tsutsotsi a hannun waɗanda suka kwana da shi a Fitowa sura 16, Allah da kansa ya umarta a tara na kwana biyu a rana ta shida saboda ranar hutu, kuma wannan bai ruɓe ba. Ke nan abin da ya ɓata na farko shi ne ƙin bin umarni.

Sai maganar Matiyu sura 6, inda Ubangiji ya ce mu dubi tsuntsaye, ba sa shuka, ba sa girbi, ba su da rumbu, amma Ubanmu na sama yana ciyar da su. Duk wanda ya taɓa tsaron gonar gero a fadamar Rima lokacin da jan baki ya sauka ya san cewa tsuntsu ba ya zama a sheƙa yana jiran tsaba ta faɗo masa a baki. Tun kafin gari ya waye ya fita, yini yake yana tsince, yara suna ta kaɗa gwangwani suna ihu, shi kuwa ko a jikinsa. Abin da tsuntsu ba ya yi shi ne ya kwana idonsa biyu yana tunanin ko za a yi damina baɗi. Wannan alhini mai raba zuciya gida biyu shi Yesu ya hana. Shi ma mai arzikin nan na Luka sura 12, wanda ya rushe rumbunansa ya gina manya, an kira shi wawa ne domin ya ce wa ransa ya huta, ya ɗauka rumbu ne yake riƙe da numfashinsa, bai tuna da Allah ba, bai kuma tuna da kowa ba.

Amma da yake awo ne sana'arki, akwai iyaka ɗaya da ba zan ɓoye miki ba. Karin Magana 11:26 ta ce jama'a sukan la'anci wanda ya ɓoye hatsi, albarka kuwa tana kan wanda ya fito da shi ya sayar. Buhu shida a ɗakin gwauruwa, wanda za a ci daga ciki a kuma sayar da saura a biya kuɗin makaranta, tanadi ne. Amma idan damina ta yi tsakiya, gero ya yi tsada, maƙwabciyarki ta zo da kwanonta tana neman awo ke kuwa kika ce babu, alhali buhunan suna jingine a bayan ƙofa kina jiran farashi ya ƙara hawa, to a nan an ƙetare iyakar. Haka nan aya ta farko ta wannan sura ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji. Mu duka mun san kwanon awon da aka bubbuga gindinsa ciki domin ya rage ɗauka, mun kuma san mai kwano biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa. A ganina, a nan ne ake gane mai awon da ta dogara ga Allah: ranar da ciniki ya yi sanyi, yara suna jiran cefane, ta cika kwano ta yi masa tozo yadda aka saba, ta yarda cewa ribar da ta rage mata za ta isa.

Yanzu ga batun dare. Ba zan ce miki ki daina tunani kawai ba, domin wanda bai taɓa jin mai gidan haya yana sallama a ƙofa ba shi ne yake ganin abin da sauƙi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga kasuwannin ƙauye zuwa cikin gari ya cinye ribar masu ƙaramin jari da yawa, saboda haka lissafinki ba na banza ba ne. Shawarata ita ce ki ba lissafin lokacinsa, kada ki bar shi ya bi ki kan tabarma. Idan kin dawo daga kasuwa, kafin duhu ya yi, ki zauna da babban ɗanki ko 'yarki ku rubuta abin da ya shigo, da abin da ya fita, da bashin da ake binki, da wanda kike bi. Daga nan ku ɗora hannu a kan takardar ku yi addu'a, ki ambaci kowane abu da sunansa da adadinsa, kamar yadda Filibiyawa 4:6 ta koya mana mu sanar da Allah bukatunmu tare da godiya. Idan tunanin ya dawo da tsakar dare, ki tuna masa cewa an riga an kai ƙararsa gaba, ki karanta Zabura 4:8, inda Dawuda ya ce zai kwanta ya yi barci lafiya domin Ubangiji ne kaɗai yake tsaronsa. Ba a dare ɗaya abin zai tafi ba.

Ga 'yar'uwar da ta ja ki gefe kuma, da sauran matan zumunta, ina da tambaya. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman domin kada a riƙa tsallake gwauraye wajen rabon abinci. Kafin a auna bangaskiyar gwauruwa, shin an taɓa tambayarta nawa ne kuɗin hayarta?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗan kabu-kabu ne a Gidan Dare, abokan aikina kusan duka Musulmi ne, bakina kuwa ya saba da "in Allah ya yarda". Wani abokina a ƙungiyar matasan ikilisiya ya ce wannan ba maganar Kirista ba ce, wai mu faɗa muke yi da bangaskiya, abu ya tabbata. Ina gaskiyar take?

Amsa: Ɗana, ka buɗe wa abokinka wasiƙar Yakubu 4:13-15. A can an tsawata wa 'yan kasuwar da suke cewa yau ko gobe za su tafi gari kaza su shekara suna cin riba, aka ce musu ba su san abin da gobe za ta haifar ba, abin da ya kamata su ce shi ne in Ubangiji ya yarda za su rayu su yi kaza da kaza. Bulus ma da zai bar Afisa, a Ayyukan Manzanni 18:21, da irin wannan magana ya yi musu alkawarin dawowa. Sunan nan "Allah" kuwa, kalma ce da take cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa tun fassarar da aka kammala a 1932, da ita iyayenmu suka yi sujada. Cewa maƙwabtanmu Musulmi suna faɗin abu ɗaya bai mayar da shi haramun a bakinka ba, sai ma ya zama wata gaskiya da kuke tarayya a kanta a tasha.

Gargaɗina ɗaya ne. Kada ka ce wa fasinja "in Allah ya yarda zan dawo in ɗauke ki ƙarfe huɗu" alhali ka riga ka san ba za ka dawo ba. Mutanenmu da yawa sun mayar da wannan kalma hanyar cewa a'a cikin ladabi, wannan kuwa ɗaukar sunan Allah ne a banza.

Tambaya: Baba, mahaifinmu yana da hawan jini da ciwon suga, shekara shida yana shan magani. Watan jiya aka kai shi wani gidan addu'a, mai wurin ya ce masa ya warke, shan magani bayan haka shakkar ikon Allah ne. Yau mako uku ke nan bai haɗiyi ƙwaya ko ɗaya ba, yana cewa jikinsa garau. Idan muka yi magana sai ya ce mu yara ne, ba mu san bangaskiya ba. Yaya za mu yi ba tare da mun raina shi ba?

Amsa: Wannan wasiƙa ta fi sauran gaggawa, shi ya sa na riga na aika maka da amsa kafin mujalla ta fito, amma ina maimaita ta a nan domin na san ba gidanku kaɗai ba ne. Hawan jini ciwo ne da sau da yawa ba ya nuna alama har sai ya yi ɓarna, mutum yana jin kansa garau jinin kuwa yana can sama, ƙarshensa shanyewar ɓarin jiki ko lalacewar ƙoda. Ga kuma zafin Sakkwato na watan Afrilu da Mayu, wanda yakan haura digiri 40, yana ƙarar da ruwan jikin tsoho mai ciwon suga cikin ɗan lokaci. Jin daɗin jiki na mako uku ba shaida ba ce ta warkewa.

Na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma yi wa marasa lafiya addu'a fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya haɗa addu'a da magani faɗa ba. Allah ya riga ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya ce a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun, kamar yadda yake a Ishaya 38:21. Bulus, wanda ta hannunsa aka yi mu'ujizai, ya kira Luka ƙaunataccen likita, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa da yawan laulayinsa. Lokacin da Iblis ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya diro tun da mala'iku za su tare shi, har da jawo aya daga Zabura, amsar da ya samu ita ce kada a gwada Ubangiji Allah. Jefar da ƙwayar hawan jini domin a ga ko Allah zai tare, dirowa ce daga wannan ƙololuwa.

Mahaifinka dattijo ne, ya san tarihin Amanawa da ke kan hanyar Gusau, inda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka kama aikin jinyar kutare tun a ƙarshen shekarun 1930. Mutanen da suka yi wannan aiki masu addu'a ne safe da yamma, amma da hannunsu suke wanke gyambo suna raba magani, kuma ta wannan ƙofa mutane da dama a ƙasar nan suka fara jin bishara. Ka tambaye shi cikin ladabi ko yana ganin su ma ba su da bangaskiya.

Game da yadda za ku tunkare shi, kada ku taru a kansa ku 'ya'ya kuna musu, domin dattijo ba ya son a ga yara sun juya shi. Ku nemi wani sa'ansa da yake jin nauyi, ko ɗaya daga cikin dattawan ikilisiyarku, ya zo su zauna su biyu. Kada a ce masa bai warke ba. A tuna masa cewa kuturun da Yesu ya tsarkake a Markus sura 1, cewa aka yi ya je ya nuna kansa ga firist domin a tabbatar, saboda haka shi ma ya je a gwada jininsa da sugansa, idan ya warke likita ne zai fara ba da shaida, kuma likita ne zai faɗi ko a rage magani ko a ci gaba da shi. Kada ku jira ranar da aka rubuta masa a kati. Ku kai shi asibitin da ya saba zuwa cikin wannan makon, ku riƙe kwalayen magungunan da ya ajiye, ku kuma faɗa wa likita ainihin ranar da ya daina sha. Idan kafin nan ya yi kukan ciwon kai mai tsanani, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, ko hannu ɗaya ya yi masa nauyi, ku ɗauke shi nan take ko da tsakar dare ne, addu'ar ku yi ta a cikin mota.