Ga ɗan'uwan da aka riƙe wa cikon kuɗin hoton biki

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta abin da ka rubuta jiya da daddare, cewa ka yi aikin biki na kwana uku, yau wata biyu ana maka yawo da hankali a kan ciko, har kana tunanin rabuwa da harkar biki ka rataya kyamara ka shiga garuruwa ɗaukar hawa da kasuwanni, kana tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwadawa. Wallahi kamar labarina ka rubuta. Na kwanta, barci ya ƙi zuwa, shi ne na tashi na zauna amsa maka.

Ni nawa a Fabrairun 2025 ya same ni, lokacin rububin bukukuwan kafin azumi. Babban abokin ango ne ya zo min da aikin, ɗan unguwarmu, tare muka yi makarantar allo. Kamu, ɗaurin aure, yini da dina. Ya ba ni kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, ya ce saura da an tashi daga dina. Don shi ne, ko layi ɗaya ban rubuta ba. Na karɓo hayar gilashin kyamara (lens) mai jawo nesa, 70-200, a wajen wani maigidana a Zoo Road, na ɗauki yaro guda yana riƙe min fitila. Kwana huɗu ina tsaye. Ranar kamu tun la'asar nake cikin turmutsutsun mata har bayan isha'i, ko ruwa ba a ce min ga shi ba. Na dawo na yi mako guda ina editin cikin dare da janareta, man ma daga aljihuna.

Sai ya kira, wai amarya ta matsa tana son gani, in turo, gobe zai shigo da kuɗina. Na ji nauyin in ce masa a'a. Na tura hotunan duka, na asali masu cikakken inganci, babu sunana a jiki. Daga ranar wayarsa ta daina shiga.

Sau uku ina zuwa nemansa a cikin watan azumi. Zuwa na biyu ba zan manta da shi ba. Na tsaya a ƙofar gida na aika yaro ya yi min sallama da shi, motarsa na nan a fake, ina jiyo muryarsa daga soro yana waya, yaron ya fito yana sunkuyar da kai ya ce wai ba ya nan. Na fi rabin awa zaune a kan dakalinsu, ban ma san me nake jira ba. Na uku a majalisarsu na same shi bayan asham. A gaban mutane ya dube ni ya ce, "Yanzu kai a kan danna ɗan maɓalli kake min wannan zaryar?" Aka yi dariya. Har yau in na ɗaga kyamara wani lokacin sai maganar nan ta faɗo min. Mutumin da mahaifiyata take zuba mana tuwo a kwano ɗaya! Washegari na kai wayata Farm Centre na sayar, na biya mai gilashi da yaron, don su ba ruwansu. Bayan sallah sai ga hotunan suna yawo a Instagram ana ta yabon kwalliyar amarya, ba wanda ya ambaci wanda ya ɗauka. Kuɗin nan har yau ban gan su ba. Na bar shi da Allah, amma ban ce na manta ba.

Saboda haka ka ji ni da kyau: rabi kafin ka fito daga gida, ciko kafin hoto ya bar hannunka. In an matsa, ka tura guda biyar ƙanana da sunanka a tsakiya. Ko ɗan ɗakinku ne ku yi maganar a WhatsApp, adadin kuɗi da kwanaki da yawan hotuna, ya rubuta ya amince. Kunyar marar kunya asara ce. Naka na yanzu kuma kada ka yi tonon silili a nan ko a Facebook, mutane masu biki za su fara tsoronka. Ka nemi wani babba a dangin ango, kawu ko yaya, ka je masa da ladabi. Da na yi haka da wuri, wataƙila da na samu wani abu.

Maganar tafiya kuwa, na yi ta, amma ba da shiri ba. Na sa rai hawan ƙaramar sallah zai fitar da ni, don kowa ya san abin da ake samu wajen ɗaukar mahaya a Hawan Daushe da na Nassarawa. Sai aka dakatar da hawa a Kano, ba a fi wata huɗu ba da UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a Disambar 2024. Na hau mota a Unguwa Uku na tafi Zariya da sauran canjin da ke hannuna. A ƙofar fadar Zazzau, da ƙura ta tashi dawakai suka taho a guje, sai na ji hannuna ya daina rawa, karon farko tun Fabrairu. In za ka ɗauki sukuwa kada shatarka, wato saurin ƙyaftawar kyamara, ta yi ƙasa da 1/1000 na daƙiƙa, kuma don Allah kada ka canja gilashi a cikin ƙura. Ni na yi, na dawo da ɗigo-ɗigo a kan kowane hoto mai sararin sama. Hunturu ya fi haka muni, ka sayi ɗan famfon hura iska ka bar shi a jaka.

Daga nan na je Daura na ɗauki rijiyar Kusugu, na biya Katsina wajen hasumiyar Gobarau, ƙarshen shekara na je Yankari tare da wasu ɗalibai. Ban ga giwa ba, amma hoton ruwan Wikki da sassafe yana hayaƙi shi ne a bangon ɗakina yanzu. Ka kula da birai a can, jaka suke fizga.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, duk tafiye-tafiyen nan ba wadda ta mayar min da kuɗin motarta a take. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka san yadda kuɗin mota ya koma. Biki da suna da hoton fasfo su ne suka ciyar da gidana. Kada ka saki biki don mutum ɗaya ya cuce ka. Ka riƙa ware wani abu daga kowane aiki, in ya taru ka yi tafiya ɗaya.

Kuma ba sai ka yi nisa ba. Hoton da ya fi jawo min aiki bana a marinar Ƙofar Mata na ɗauke shi, wani dattijo ya ɗago zane daga karofi, hannunsa shuɗi har gwiwa, baba na ɗiga. Sai da na yi zuwa biyu ina gaishe su kawai kafin na fito da kyamara, kuma na wanke hoton na kai masa. Yadda ya riƙe shi da gefen yatsu don kada ya ɓata, idona sai da ya kawo ruwa. Ka riƙa neman izini, musamman wajen mata da yara.

Af, ka ce kyamarar Canon 6D kake riƙewa. Kati ɗaya take ci, don haka kada ka zuba biki guda a memori ɗaya, ka raba shi biyu ko uku, ka kwafe a waje biyu kafin ka kwanta.

Ranar Asabar bayan asuba zan hau Dala in ɗauki gari kafin rana ta yi ƙarfi. In kana cikin gari ka yi min magana ta akwatin saƙo mu hau tare, ka taho da saƙonnin da kuka yi da mutumin nan in duba maka.